Ranar da Baffa Ya Sauke Sanda

Shekaranjiya da hantsi ina zaune a ƙofar gida ina shan iska, sai ga wata mota ta ratso unguwarmu a nan Tudun Fulani, da lasifika a kanta. Wata yarinya ce a ciki take ta zuba magana, muryarta tas, wai jama'a na ta ƙaruwa ƙasa kuwa ba ta ƙaruwa, a riƙa ba da tazara tsakanin haihuwa, a haifi waɗanda za a iya riƙewa. 'Yan acaɓan da ke bakin kwalbati suka sheƙe da dariya, wani mai baki ya ɗaga murya ya ce ta je ta gaya wa ubanta. Ni dai ban yi dariya ba. Ba wai don na gane duk abin da take faɗa ba, yo ina ni ina karatun zamani, ko sunana ban iya rubutawa ba, wannan ma jikata ce take rubuta mini ina faɗa. Na bi motar da kallo har ta sha kwana, daga nan idona ya daina ganin bulo da kwano, ya koma ganin ciyawa.

Don wallahi nan inda nake shimfiɗa tabarmata, ciyawa ce a da, doguwa, wadda idan yarinya ta shiga sai dai a riƙa bin ƙwaryar da ke kanta da ido. Rugarmu tana can inda shagon mai cajin waya yake yanzu. Idan damina ta zauna, da safe hazo kan sauko daga duwatsun Bosso ya kwanta a kan garke, ba ka ganin shanun sai ƙahonsu da tururin numfashinsu. Abin da ke tashinmu daga barci kukan maruƙa ne a jikin dangwali, igiyar nan da ake jera su a ɗaure, kowanne yana kiran uwarsa. Sai ƙarar nono yana zuba a busasshiyar ƙwarya, da farko da kaifi, in ta fara cika sai sautin ya yi laushi. Sai Inna tana kaɗa nono a gora tana 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa. Can nesa kuma jirgin ƙasa ya yi kuka a tasha, mu san rana ta yi, a ɗora gammo. Yanzu fa? Janareta ne ke tashina, da injin markaɗe, da maƙwabciyata da ke yi wa 'ya'yanta ihu tun kafin ta wanke ido. Ba na ganin laifinta, baiwar Allah, ɗaki ɗaya ne da su.

Mukan gangara cikin gari a jere, ni da 'yan matan ruga, kowacce da ƙwaryar kindirmo an rufe da faifai, da ɗan curin man shanu yana yawo a ciki. A hanya mu haɗu da matan Gbagyi sun ɗauko doya a kafaɗa, su yi mana dariya wai muna wahalar da kanmu, mu yi musu dariya wai suna wahalar da kafaɗa, kowa ya wuce da Hausarsa irin tasa. A bakin tasha matan ma'aikatan jirgi ke jiranmu da kwanuka. Akwai wata da ba ta taɓa sayen nonona ba sai ta tsoma ludayi ta ɗaga ta ga ko na sirka da ruwa. Ni! Sai in kumbura in ce ta bar shi in ba ta so, ita kuwa ta yi dariya ta ce yarinyar nan bakinki zai ja miki wata rana. Allah sarki, ashe ta gani.

To akwai wata al'ada a wurinmu, wadda yaran yanzu ko labarinta ba su sani ba. Ranar suna, bayan an yi addu'a an raɗa wa jariri suna, uba zai tashi ya ɗauki sandarsa ya shiga garke, maza suna biye da shi. Zai zagaya, ya zaɓi maraƙa ko karsana, ya ɗora mata sandar a gadon baya, ya ce wannan ta wane ce. Shi ke nan, an gama. Daga ranar ita da duk abin da za ta haifa na wannan jaririn ne, mace ko namiji. Uba zai yi kiwonta, gida zai sha nononta, amma ba zai sayar ba sai da dalili mai ƙarfi, kuma ba zai ba wani ba. Da ita ɗa namiji ke fara garkensa, da ita 'ya mace ke shiga gidan miji kanta a ɗage. Goggo, yayar Baffa mahaifinmu, takan ce mana: "Ku kula da shanunku, su suka riga ku sanin kun zo duniya." Tawa sunanta Kyalla, saboda farin da ke goshinta. Ba ta da yawan haihuwa, kuma maza take ta zubawa, ana sayarwa a yi hidimar gida. Sai da na fara zama budurwa sannan ta haifa mini mace guda ɗaya tal. Kai, na so maraƙar nan! Ta yi ciwo tana ƙarama, ni na riƙa ɗura mata jiƙo da hannuna, ina rufa ta da tsohon zanena in ana ruwa.

Ni ce 'yar fari, don haka Baffa bai taɓa kiran sunana ba, kunya ce irin ta mutanenmu. In yana son ruwa sai ya ce da iska, "A kawo ruwa," ni kuma in san da ni ake. Bayana kuwa ƙanne ne reras. Kada ku tambaye ni mu nawa ne, mu ba ma ƙirga yara, Goggo takan ce wanda ya ƙirga ya kira wa ɗaya mutuwa. Abin da na sani shi ne bayana bai taɓa hutawa da goyo ba, ina sauke wannan ana miƙo mini wani. Inna doguwar mace ce mai jiki a da, ina kallo ta zama siririya, in ta tashi daga tatsa sai ta dafa gwiwa ta jima kafin ta miƙe. A lokacin nan ne kuma gari ya fara tahowa wurinmu. Ba da hayaniya ya zo ba. Yau ka ga an kafa turaku a burtalin da shanu ke bi, gobe ka ga gona, jibi ka ga an zuba yashi. Mutanen ba mugaye ba ne, su ma 'ya'ya gare su, suna neman inda za su sa su. Kiwo ya koma nesa, har wajen Tagwai yayyen ruga ke kai shanu, su dawo cikinsu a ɗame. Haihuwar shanu ta ja baya, ta mutane ba ta ja ba. Babu wanda ya zauna ya haɗa waɗannan biyun a kansa, ko kuwa an haɗa an yi shiru.

Sai Inna ta haifi Dije.

Safiyar sunan ina tuna ta kamar yanzu. An kwana ana yayyafi, ƙasa tana ƙamshi, hayaƙin itace ɗanye ya ƙi tashi sama. Maza sun zauna a kan buzu da tabarmi a gindin ɗorawa, har da Kawu, ƙanen Inna, wanda ya taho daga nesa. Malam ya yi addu'a, aka raba goro, aka faɗi suna, mata suka yi guɗa daga cikin ruga. Ni aka aika in kai ƙwaryar nonon da za a jiƙa kan jaririya a yi mata aski, shi ya sa nake kusa. Na ajiye ƙwarya, maimakon in koma wurin mata sai na laɓe a bayan dangwali, don ina son ganin wadda za a nuna wa ƙanwata.

Baffa ya tashi, ya ɗauki sanda, ya shiga garke. Mutum ne mai tafiya a hankali dama, amma ran nan tafiyarsa ta fi kullum nauyi. Ya wuce ta farko, ta ƙanena ce. Ya wuce ta biyu, sadakin Inna ce. Ya wuce ta gaba, ya wuce ta gaba. Ni da nake tatsarsu kullum na san mai kowacce, ina bin sa da ido ina faɗin sunayen masu su a zuciyata, har ya kai ƙarshen garke ban ji wadda ba ta da mai ita ba. Ya juyo ya sake zagayawa, sanda a ɗage. Mazan da ke bayansa suka daina hira. Wani ya sunkuyar da kai yana gyara takalmi, wani ya shiga kallon sama kamar mai duba hadari. Duk sun gane. Yanzu da na tsufa na san abin da suke yi, suna ba shi hanya ne. Da ya ɗora sandar a kan kowacce, ba mai cewa uffan, za a ce Allah ya sa albarka, a koma a ci tuwo, daga baya a san yadda za a daidaita a cikin gida. Haka manya ke rufa wa juna asiri.

Sai ya baro manyan shanu ya nufo dangwali. Ya tsaya a kan maraƙata. Ya dube ta, ya fara sauko da sandar a hankali.

"Baffa, tawa ce!"

Wallahi ban san lokacin da ya fita ba. Ni 'yar fari, wadda ko ido ba ma haɗawa da shi, na kira shi a gaban maza, a gaban surukinsa, na gaya wa duniya abin da kowa ke ƙoƙarin kada ya gani. Kurciya tana kuka a kan ɗorawa, ita kaɗai ake ji. Sandar ta tsaya a sama, tsakaninta da bayan maraƙar bai fi tafin hannu ba. Baffa bai dube ni ba. Ya jima a haka, sannan ya janye sandar, ya sauke ta ƙasa, ya dogara a kanta kamar tsoho, alhali a lokacin ko furfura bai fara ba.

Ya ce, "Gaskiya ne. Tana da mai ita."

Kawu ya yi gyaran murya ya ce, "Ai maganar yara ce, a ɗora kawai."

Baffa ya girgiza kai. "An riga an faɗa," ya ce. Ya juya ya fita daga garke, maza suka bi shi. Aka yi wa Dije aski, aka ci abinci, aka watse, ba a nuna mata komai ba.

Ba wanda ya dake ni. Da an dake ni da na fi samun sauƙi. Goggo ce kawai ta kama kunnena a bayan bukka ta ce, "Ke dai Allah ya shirye ki, bakinki ya riga hankalinki fitowa." Inna kuwa tana kwance da jaririya, ta juya fuskarta ga zana. Washegari tun da sassafe na kwance maraƙar na ja ta har ƙofar bukkar Inna, ina kuka ina cewa na ba Dije, na ba ta har abada. Baffa yana alwala a gefe. Bai ɗago ba, ya ce da iska kamar yadda ya saba, "A mai da ta dangwali. Ranar ta wuce." Don abin ba a yin sa sai ranar suna, a gaban shaidu, da hannun uba. Kyautar yarinya ga yarinya wasa ce.

Kafin Kawu ya tafi na ji su da Baffa suna magana a gindin ɗorawa da azahar, ina wanke ƙore a kusa. Kawu yana ba shi haƙuri, yana cewa kowane ɗa da arzikinsa yake zuwa, Allah ne mai ciyarwa. Baffa ya ce, "Na sani, ban taɓa shakka ba. Amma Allahn da ya ba ni 'ya'ya shi ya ba ni ido, kuma na ga ciyawar nan tana ƙarewa na yi kamar ban gani ba. Saniya ma in ta haihu muna barinta ta murmure. Dubi 'yar'uwarka." Da aka yi arba'in Inna ta tafi gidan Kawu, ta daɗe a can ƙwarai, ta dawo kumatunta sun ciko. Yadda suka shirya tsakaninsu da Baffa ban sani ba, ba a tambayar iyaye irin wannan. Dije dai ita ce auta.

Ni na goye ta, kuma ban taɓa goyon da ya yi mini nauyi kamar nata ba, ga ta kuwa 'yar firit. Da ta fara baki, in ana tatsa yara kan tsaya kowa yana nuna tasa, sai ta ja zanena ta ce, "Adda, wacce ce tawa?" Sai in ce kai, dubi balbela can! In ta sake tambaya in ce zo in yi miki kitso. Har ta gaji ta daina tambaya, kuma ranar da ta daina ta fi mini ciwo. Maraƙar ta girma, na tafi da ita gidan mijina, ta yi mini 'ya'ya, amma Allah ya sani ban taɓa shan nononta ya yi mini daɗi ba. Dije kuwa da lokacinta ya yi ta auri wani tela da take so a unguwar Barkin Sale. Ta fita da ƙorenta da tabarmarta, ba ko kofato a bayanta. Daga baya ma duk muka zama ɗaya, gari ya cinye makiyaya, shanun suka bi ta kasuwa ɗaya bayan ɗaya, masu shanu da marar saniya kowa ya koma sayen madarar gari a leda.

Amma Dije ba irin sauranmu ba ce. Haihuwarta jefi-jefi, sai yaro ya yi wayo yana zuwa makaranta sannan ka ga wani. Mata suka yi ta gulma, wai ko ciwo gare ta, wai ko ta bi maganar asibiti. Ita kuwa ko a jikinta. Har ma'aikatan asibitin unguwarsu suka gane ta, in za su shiga gidaje wayar da kai sai su biya su ɗauke ta, don tana jin Fulatanci tana jin Hausa, kuma ba ta jin tsoron kowa. Su suna da takardu da hotuna, ita ba ta da komai sai baki. An zage ta, an rufe mata ƙofa, wani maigida ya taɓa biyo ta da tsintsiya. Na bi ta sau ɗaya na ga yadda take yi. Ba ta cewa kada a haihu, ba ta kawo lissafi. Zama take yi kusa da mace, ta karɓi jaririn ta yi masa wasa, can ta ce, "'Yar'uwa, wannan da kika kira zuwa duniya, me kika ajiye masa?" In matar ta ce Allah zai kawo, sai ta ce, "Zai kawo, in sha Allahu. Ni dai na san yadda ake zuwa duniya a tarar an gama rabo." Tun da na ji haka ban sake bin ta ba.

Shekara da shekaru ina ɗauke da abin nan. Baffa ya rasu, Inna ta rasu, Goggo ta rasu, duk wanda ya tsaya a garken nan ya tafi, sai ni. Na sha shirya maganar, in hau keke mai ƙafa uku har Barkin Sale, in je in ɓuge da zancen tsadar gero. Ni da aka sani da baki, ka ji fa.

Daminar da ta wuce ciwo ya kwantar da ita. Na je duba ta wata la'asar, ana ruwa, ɗakin ba kowa sai mu biyu, 'yarta ta fita sayo magani. Na ga yadda ta rame, na san in ban faɗa yau ba, to sai dai a lahira. Na zauna a bakin gadon na kama hannunta.

Na ce, "Dije, akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Ranar sunanki Baffa ya zo zai nuna miki maraƙa. Ni na hana. Ni na yi ihu na ce tawa ce."

Ta dube ni, sai ta fara dariya, tari ya sarƙe ta, na ba ta ruwa.

"Haba Adda," ta ce. "Tun ina tatata yaran ruga suka gaya mini. Goggo ta gaya mini, matan rijiya sun gaya mini. Duk duniya ke kaɗai ce ba ki gaya mini ba."

"Kin sani, kika yi shiru?"

"Ina jira ne ki faɗa, in ce miki da ni ce, ihun da zan yi sai an ji shi a tasha. Yarinya ce ke, taki ce, kin faɗi gaskiya. Kuma ba don bakin nan naki ba, da haihuwa ta ƙarar da Inna, ba ta ga auren kowa a cikinmu ba. Ni na yafe tun ban san me ake yafewa ba."

Na kifa kaina a kan hannunta na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar mutuwar Baffa. Ta bar ni na yi mai isata, ruwa yana ta dukan kwano. Can ta ɗan matsa yatsuna.

"Adda, abu ɗaya ne ba wanda ya taɓa gaya mini, ni kuma na ji kunyar tambaya. Yaya take?"

"Wa?"

"Maraƙar."

Na share ido na gaya mata. Na ce fara ce sol, kunnuwanta baƙaƙe, hancinta baƙi kullum a jiƙe. Na ce tana da wani ɗigo ja a wuya, daidai inda hannu ke sauka in za a shafa ta. Na ce gashin idonta dogaye ne, kuma in ta ji tafiyar mutum sai ta karkata kai gefe guda tana jira. Dije ta lumshe ido tana saurare, ba ta katse ni ba har na gama. Na ɗauka barci ya ɗauke ta, sai na ga bakinta yana murmushi.

Ta ce, "Ashe tawa kyakkyawa ce."